Jitata Tana Sauka Daga Saiti A Tsakiyar Wasa: Me Zan Yi Kafin Ranar Biki?

Tambaya: Ina kaɗa jita a wata ƙaramar ƙungiya a Kaduna. An gayyace mu wasa a dinar biki ranar Asabar ta sama, kusan mako biyu ke nan, kuma a fili za a yi, ga hunturu ya shigo. Wasanmu na baya na sha kunya. Jitar ta yi ta sauka daga saiti, tana wata ƙara "zzz" a wasu wurare, daga ƙarshe tsirkiya ta tsinke. Ina da ta lantarki ɗaya da ta katako mai batir ɗaya. Na yanke shawarar sa sababbin tsirkiyoyi da safiyar ranar. Hakan ya isa?

Amsa: Ƙanena, ajiye wannan shawara ta safiyar biki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na daɗe ina kaɗa jita ina kuma gyara ta mutane, kuma yawancin kunyar da na gani a kan dandamali daga gyaran gaggawa take fitowa, irin wanda ake yi awa biyu kafin wasa ana gumi ana duba agogo. Kwanakin da kake da su sun ishe ka in ka jera aikin daidai. Kusan duk abin da zai sa ka ɗauki alanki ko sukundireba, a wannan makon za ka gama shi. Tsirkiya kuma ranar Laraba ko Alhamis ta makon bikin. Asabar ɗin kanta dubawa kawai za ka yi.

Sabuwar tsirkiya ba ta zama wuri ɗaya. Naɗin da ka yi mata a jikin kunne, wato abin murɗawar nan guda shida da ke kan jita, bai gama matsewa ba. Ƙullin gindinta bai gama zama a mazauninsa ba. Ita kanta ba ta gama kwantawa a kan jaki ba, kamar yadda masu garaya da goge ke kiran wurin da tsirkiya ke hawa a cikin abin kiɗa. To duk sanda ka kaɗa da ƙarfi ko ka ja ta da yatsa, sai ta ɗan saki, sauti ya sauka. Ta ƙarfe tana son kwana biyu ana kaɗa ta kafin ta natsu. Ta roba kuwa, irin ta jitar Sifaniya, mako guda ma ba ta cika gama jan jiki ba.

Yadda aka naɗa ta ya fi sunan kamfanin da ya yi ta muhimmanci. Sau da yawa ana kawo mini jita in tarar an tula naɗi bakwai ko takwas a kunne ɗaya, wani ya hau kan wani kamar zaren da yaro ya yi wasa da shi. Irin wannan ba za ta taɓa riƙe saiti ba. Masu kauri naɗi biyu zuwa uku ya ishe su, sirara huɗu zuwa biyar, kowane naɗi yana kwanciya ƙarƙashin na baya, suna gangarowa ƙasa a jere. A jitar katako kuma ka kula da turakun nan shida da ke riƙe gindin tsirkiya. Ka ɗan lanƙwasa ƙarshenta kafin ka zura, ka danna turken, sannan ka ja tsirkiyar sama har ka ji ƙullin ya kama katakon ciki. In ƙullin ya tsaya a bakin turke, a hankali zai yi ta turo shi waje, wata rana ya yi tsalle a gaban jama'a.

In ka gama sawa ka saita, sai ka kama kowace tsirkiya a tsakiyarta da yatsa biyu, ka ɗaga ta sama kamar faɗin yatsa, ka saki, ka sake saitawa. Za ka ga ta faɗi sosai a karon farko. Maimaita har sai ka ja ba ta sauka ba, yawanci sau uku ko huɗu. Sannan ka kaɗa waƙoƙin da za ku yi, da irin ƙarfin da za ka yi su ranar, ba shafa-shafa ba.

Kada ka canja lambar kaurin tsirkiya. In lamba 9 ce a kai, sa 9. In 10 ce, sa 10. Tsirkiyoyi shida masu lamba 10 zuwa 46 suna jan wuyan jitar lantarki da nauyin kusan kilo 46, na katako masu lamba 12 zuwa 53 kuma sama da kilo 70. Da ka canja kauri, wannan nauyin ya canja, wuya ya motsa, duk awon da aka yi ya tashi aiki. In jitarka mai hannun girgiza sauti ce, wadda jakinta ke lilo a kan sifirin, ka riƙa cire ɗaya kana mayar da ɗaya, kada ka kwashe su gaba ɗaya. Wajen saye kuma ka buɗe ido, don jabu sun cika kasuwa ɗauke da sunayen manyan kamfanoni. Ka buɗe ledar a gaban mai shago. In ka ga ɗigon tsatsa ko kaɗan a jikin sirara, mayar masa, ko da ya rantse jiya aka sauke kaya.

Ba ka faɗa mini inda tsirkiyar ta tsinke ba, alhali nan amsar take. In a kan jaki take yawan tsinkewa, akwai kaifi a wurin da take hawa, kuma sabuwar ma nan za ta mutu. Ɗauki ɗan auduga ka goga a wurin. In zare ya maƙale, ka samu ɓarawon. Sanfefa mai laushi ƙwarai, shafa biyu ko uku, ta isa ta kashe kaifin. In a bakin ramin kunne take tsinkewa, haka za ka yi wa bakin ramin. In kuwa a tsakiya ne, tsufa ne da tsatsar gumi, ko kuma hannunka ya yi nauyi saboda ba ka jin kanka a cikin hayaniya.

Akwai wani ɗan farin abu mai tsagi shida a ƙarshen wuya, inda tsirkiyoyi ke ratsawa kafin su isa kunnuwa. Ni matashi nake ce masa. Mutane suna zargin kunnuwa, har su kashe kuɗi su canja su, alhali laifin na matashi ne. In kana murɗa kunne ka ji sauti bai motsa ba, sai can ka ji "ƙis" ya yi tsalle, to tsirkiya tana maƙalewa a tsagin. Ta uku, wato G, ko Sol ga 'yan'uwanmu na Nijar, ita ta fi wannan hali. Maganinsa na cikin jakar ɗan makaranta: fere fensir, ka ɗaga tsirkiyar, ka goga bakinsa a cikin tsagin har ya yi baƙi. Kuma ka saba da hawa zuwa saiti daga ƙasa. In sauti ya wuce, sauko ƙasa da shi sannan ka sake hawa. Wanda ya sauko ya tsaya a nan ya bar sako-sako a bayan matashi, bugu ɗaya zai fito da shi.

Yanzu ƙarar "zzz". Nan zan daɗe, don nan ne hunturu ke shigowa, kuma nan ne mutane suka fi lalata jita da hannunsu.

Katako ko an yanke shi an shafe shi da fenti bai daina shan laima da fitar da ita ba. Masu ƙera jita suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. A nan arewa, a tsakiyar hunturu, takan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, a watan Agusta kuma ta kai 80. Yadda leɓenka ke tsagewa da yadda ƙofar katako ke saki a rani ta kumbura da damina, haka jitarka take yi. Fuskar jitar katako siririya ce, kaurinta bai wuce milimita 3 ba. In ta bushe sai ta lotsa ciki, jaki ya bi ta, tsirkiyoyi su matso kusa da firet, wato ƙananan ƙarafan da aka jera a wuya, sai ƙara ta fara. Shafa hannunka a gefen wuyan. In ka ji bakin ƙarafan yana karce ka kamar haƙoran zarto, katakon ne ya tsuke ya bar su a waje. Wannan alama ce ta ƙishirwa, kuma abin da ke biye mata shi ne tsagewar fuska daga jaki zuwa gindi.

Jita mai ƙishirwa ruwa take so, kada ka taɓa mata alanki tukuna. Samu robar ajiye sabulu mai murfi, ka huhhuda murfin, ka jiƙa soso ka matse shi har ya daina ɗiga, ka sa a ciki, ka ajiye a cikin jakar jitar wajen wuya, ka rufe. Kullum ka duba, don a wannan yanayi kwana ɗaya ko biyu soson ya bushe ƙarau. Ruwa kada ya taɓa katako. Bayan kwana huɗu ko biyar sau da yawa ƙarar takan tafi da kanta. Kuma ka daina rataye ta a bango don ado har sai damina ta faɗi.

In ƙarar ta ƙi tafiya, ko kuma a ta lantarki take, sai a koma awo. A cikin wuyan jita akwai sandar ƙarfe da ke ja da nauyin tsirkiyoyi, kuma ba a son wuya ya miƙe sak, ana son ya ɗan rusuna kaɗan. Ga yadda ake dubawa. Saita jitar, ka riƙe ta yadda kake kaɗawa. Danne tsirkiya mai kauri a firet na farko, da kafo, wato matsen da ake maƙala wa wuya ya danne tsirkiyoyi, ko da hannun wani, ka kuma danne ta a inda wuya ya haɗu da jiki. Duba ratar da ke tsakaninta da kan firet na bakwai ko na takwas. Abin da ake nema wajen rubu'in milimita ne, kwatankwacin kaurin katin gayyata marar kauri sosai. In katin cirar kuɗi na banki ya shige ba tare da ya taɓa ba, ratar ta yi yawa, don shi ya haura kashi uku cikin huɗu na milimita. In babu rata ko kaɗan, wuyan ya miƙe da yawa ko ya banƙare baya, kuma za ka ji ƙarar a firet na farko zuwa na biyar.

Murɗa sandar yadda hannun agogo ke tafiya yana miƙar da wuya, akasin haka yana sassauta shi. Rubu'in zagaye shi ne iyaka a zama ɗaya, ni rabin haka ma nake yi. Ka murɗa, ka sake saitawa, ka bar ta ta kwana, gobe ka sake aunawa. In ka ji ta cije, tsaya. An taɓa kawo mini wata jita mai kyau wadda mai ita ya sa wa alankin da bai yi daidai ba daren wasa, ya yi ta murzawa har kan notin ya cinye ya zama zagaye. Gyaran ya fi kuɗin da aka biya shi a wasan, kuma wasan ma da jitar aro ya yi shi.

In ƙarar daga firet na 12 zuwa sama take, ba aikin sanda ba ne, jaki ne ya yi ƙasa. Tazarar tsirkiya mai kauri da firet na 12 takan kasance wajen milimita 2 a ta lantarki, 2 da rabi a ta katako. In kuma jitar tana daidai a ƙasa amma tana tsami in ka hau sama, gwada kowace tsirkiya a sake, sannan a danne a firet na 12. In ta dannen ta yi sama, ja ɗan sirdin da take kai a jakin ta lantarki baya, nesa da wuya. In ta yi ƙasa, matso da shi gaba. Wannan da sababbin tsirkiyoyi ake yinsa, tsofaffi ƙarya suke yi, don haka ka bar shi zuwa Larabar.

Allon wuya, in baƙi ne ko ruwan ƙasa marar fenti, ɗigo kaɗan na man da aka yi domin sa, sau ɗaya ko biyu a shekara, a goge tas. Ban da man gyaɗa, ban da man inji, na ga duka biyun. Farin allo mai sheƙi kuwa ƙyalle kawai yake so.

Ɓangaren lantarki ba shi da wuya, amma shi ke kashe wasa ɗungurungum. Zura waya a jitar, ka kunna amfilifaya, ka girgiza kan wayar. In ka ji ƙarar fashe-fashe, ko dai wayar ce ko ramin. In notin ramin ya saki, kada ka ɗaure shi daga waje kawai, don cikin zai juya tare da shi ya tsinke siraran wayoyin da aka liƙa da dalma. Buɗe, ka riƙe cikin, sannan ka ɗaure. Maɓallan ƙara murya in suna ƙarar yashi, ƙura ce. Fesa musu maganin wanke kayan lantarki na wajen masu gyaran rediyo, ka murza su gaba da baya sau da yawa. Kusoshin da maratayi ke kamawa ma ka taɓa su. Wadda ke juyawa ba ta kamawa, cire ta, ka cusa tsinken sakace biyu da gam ɗin kafinta a ramin, ka mayar.

Batirin jitar katako, mai ƙarfin bolt 9, sa sabo ranar Juma'a ko da na ciki bai nuna gajiya ba. Shi ba ya mutuwa farat ɗaya, sauti ne zai fara dishewa yana karcewa, ka yi ta zargin mai miksa. Abin da da yawa ba su sani ba, zura waya a ramin shi ne kunna ta. In ka bar waya a jiki ta kwana, batirin ya kwana yana aiki.

Maganar wuta ina so ka ɗauke ta da gaske, don ta wuce batun kunya. Wasan fili da janareta ake yi, da jone-jonen da wani ya harhaɗa da yamma. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya. In babu wayar ƙasa mai kyau, kana riƙe da tsirkiya leɓenka ya taɓa makirfo, kai ne ka zama hanyar wuta. A 1972 wani makaɗin jita ɗan Sikotlan, Leslie Harvey, ya mutu a kan dandamali a garin Swansea, gaban masu kallo, bayan ya taɓa makirfon da ba a haɗa da ƙasa ba. Don haka kada ka yarda a karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket. Ka roƙi a jona amfilifayarka a layi ɗaya da miksa. Ɗauki testa ka taɓa tsirkiya da kan makirfo kafin ka fara. In ta kawo haske, ko ka ji tsirr a leɓe, ajiye jita a gyara, ko da uwar amarya tana ɗaga maka murya. Kada ka tsaya ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. In amfilifayar ta gwanjo ce daga Amurka, duba bayanta, don tasu wutar 120 ce, tamu 230, kuma sai da taransifomar rage wuta. Ƙugin nan da ke tashi ko ba ka kaɗa ba, in jitarka mai siraran maganaɗisun ɗaukar sauti uku ce, yakan ragu in ka sa makunnin zaɓi a matsayi na biyu ko na huɗu, ko ka ɗan juya jikinka ka nisanci fitilu.

Ranar Asabar, kada jita ta shiga but ɗin mota, kada kuma a bar ta a motar da aka rufe a rana, ko da hunturu ne. Gam ɗin da ke riƙe jakin jitar katako yakan yi laushi in zafi ya kai wajen digiri 60, ga kilo 70 na jan sa. Ka isa da wuri. Bar ta a jakarta kamar minti 20 a inuwa, sannan ka fito da ita ta sha iskar wurin kafin ka saita. Dinar fili a hunturu tana da nata hali: ana gwajin sauti da la'asar da ɗumi, a fara wasa bayan Isha sanyi ya sauko. Ƙarfe in ya yi sanyi yana tsukewa, sai ka tarar jitar ta hau, in hannunka ya ɗumama ta kuma ta sauko. Saboda haka saitin la'asar ba naka ba ne. Sake yi dab da hawa, ka sake dubawa bayan waƙar farko, da duk sanda ka sa kafo ko ka cire.

Manhajar saiti ta wayar hannu da kunne take ji, a cikin ganguna da guɗa ba ta da amfani. Na'urar saiti ta maƙalawa a kan jita ta fi, amma ita ma takan rikice in bes na girgiza dandamali, kuma ɗan batirinta mai kama da kwabo ya kamata ka riƙe na canji. Wadda ake takawa da ƙafa ta fi duka, don tana yanke sauti, ba wanda zai ji kana saiti. Ku tabbatar kowa a 440 yake, wato ma'aunin sautin da aka saba saita kayan kiɗa a kai, musamman mai fiyano, don wani lokaci an taɓa maɓallin sauya murya an manta.

Zagaya wayar ta bayan maratayi kafin ka zura ta, yadda ko ka taka ba za ta fizge ba. Jitar katako in ta fara kuka a gaban sifika, rufe ramin cikinta da murfin roba na musamman, ko ka matsa daga saitin sifikar. In an kawo muku abinci kafin wasa, wanke hannu da sabulu ka tsane. Maiƙon tsire da yaji dare ɗaya ke kashe sabuwar tsirkiya. A jaka ka zuba cikakken saitin tsirkiya biyu, waya ta biyu da ka gwada a gida, batir, fik da yawa (ɗan abin kaɗa tsirkiya), filaya, abin naɗa kunne, tef, ƙyalle da ƙaramar tocila.

Tunda jita biyu gare ka, ɗaya ce majiɓincin ɗaya. Saita su duka, ka jingina ta biyun a kan mazauni inda hannunka zai kai, ba jikin sifika ba. Ku yi magana da abokan wasanka tun a atisaye kan abin da za a yi in tsirkiya ta tsinke: mai fiyano ya riƙe waƙar, kai ka sauya. Wannan ya zama dole in jakin ta lantarkin mai lilo ne, don tsirkiya ɗaya na tsinkewa sauran biyar za su hau gaba ɗaya, ba yadda za ka lallaɓa ka ƙarasa. Ka gwada waƙoƙin a kan ta katakon ko sau ɗaya, kada ranar ta zama farkon haɗuwarku.

Akwai abu ɗaya da ban so ka taɓa da kanka. In bayan soso da awo ƙarar ta rage a firet ɗaya tak, a ce na tara, na takwas da na goma kuma lafiya lau, to firet na gaba da shi ne ya ɗago daga mazauninsa, abin da bushewar katako kan jawo. Kada ka ɗauki guduma. Kai ta wajen mai gyara kafin Litinin, ka ce masa Laraba kake son ta, don ka samu sa tsirkiyoyinka a kan lokaci.